Ɗan Mai Algaita da Ya Riƙe Sandar Jagoran Makaɗa

An haife ni a birnin Katsina a shekarar 1956, zamanin Sarki Usman Nagogo, a wata unguwa da ba ta da nisa da Ƙofar Soro, cikin gidan da busa ta zame masa gado tun kaka da kakanni. Mahaifina mai algaita ne, wansa kuma, wanda muke kira Baffa, yana cikin masu kakakin fada. Ni kuwa aikin ɗan sanda na yi har na cika shekara talatin da biyar da doka ta yanke wa ma'aikaci, amma ban taɓa tsare hanya ko bin sawun ɓarawo ba, domin tun daga horon farko har ranar da na ajiye kaki ina cikin 'yan badujala. Na fara da busa, na koma rubuta kiɗa, daga bisani Allah ya kai ni matsayin mai tsayawa a gaban makaɗa da 'yar sanda a hannu, har na jagoranci irin babbar ƙungiyar nan da Turawa ke kira okestira. Matasan da nake koyarwa yanzu ne suka matsa mini in rubuta yadda haka ta faru, tun da sana'a ce da ba a saba jin Bahaushe a cikinta ba.

Makarantata ta farko ƙofar fada ce. Kowane daren Juma'a masu busa da makaɗan Sarki sukan taru su yi sara, ni kuma tun ina ƙarami nake bin Baba ina riƙe masa jakar algaita. A nan na fara gane cewa kayan busa magana suke yi. Kakaki, duk da tsawonsa da kan kai mita biyu ko fiye, sauti biyu kawai ake fitarwa da shi, ɗaya sama ɗaya ƙasa, amma da waɗannan biyun ake faɗin kirarin Sarki har mai sauraro daga nesa ya ji kalmomin a kunnensa. Kowane hakimi da takensa, kuma mai busar da ya cakuɗa taken wani da na wani ya jawo wa gidansu abin faɗi. Babu takarda, babu mai ƙirga, duk da haka ba a shiga a karkace, domin babban cikinsu yakan ɗaga gira ko ya ɗan motsa kafaɗa, sai kowa ya san lokacin shigarsa da lokacin tsayawarsa. Da na ɗan tasa, Baba ya zaunar da ni gaban ƙwarya cike da ruwa, ya ba ni siririn kara mai rami, ya ce in hura kada kumfar ta yanke. Dabarar ita ce mutum ya tara iska a kumatu, ya riƙa tura ta da naman kumatun alhali yana shaƙar sabuwa ta hanci. Na sarƙe, na yi tari har da hawaye, Inna tana bakin murhu tana cewa, "Maigida, a bar yaron nan ya huta mana." Baba bai ko ɗago ba, ya ce, "In kumfa ta yanke a ƙwarya, gobe busa za ta yanke a gaban Sarki." Kafin damina ta fita na iya.

An sa ni firamare a 1963, kuma a can na san cewa sana'ar da nake tinƙaho da ita a gida ba kowa ke ganin darajarta ba. Da zarar gardama ta haɗa ni da wani yaro, abin da zai fara jifana da shi shi ne "ɗan maroƙa". Ubannin yaran nan kuwa su ne ke miƙewa a kan sirdi idan aka busa musu take ranar hawan Sallah. Suna son busar, amma ba sa son mai busar ya zama surukinsu. Ina cikin wannan ƙunci aka kai mu faretin ranar 1 ga Oktoba, inda na ga 'yan badujala da idona. Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne wani mutum da ya tsaya a gabansu, bai busa komai ba, bai buga komai ba, amma in ya ɗaga hannu sai kiɗa ya tashi, in ya dunƙule yatsu sai ya ɗauke nan take. Kowane mai busa kuma yana da 'yar takarda maƙale a jikin abin busarsa yana kallo. Na tambayi malaminmu abin da ke rubuce a takardun, ya ce kiɗan ne. Na daɗe ina juya maganar a raina, domin ban taɓa zaton ana iya kama sauti a kwantar da shi a takarda ba.

A 1974 na shiga Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, garin da a lokacin yake hedikwatar Jihar Arewa ta Tsakiya wadda Katsina ke cikinta. Baba bai so ba, domin a ganinsa na bar busar Sarki na koma busar Nasara. Baffa ne ya lallashe shi da cewa albashi ba ya jiran kyautar kowa. Ranar da aka nemi masu sha'awar badujala, sajan ɗin da ke gwada mu ya miƙo mini kilarinet, wani abin busa na Turawa, ya ce in fitar da sauti ɗaya in riƙe iya ƙarfina. Na riƙe, na ci gaba da riƙewa, sai ya zagaya bayana yana dubawa ko akwai wata dabara, sannan ya ce, "Kai ɗan Katsina, ya isa haka, kada ka mutu a hannuna." Daga ranar aka fara koya mini rubutun kiɗa: layi biyar a kwance, ɗigo a kan layi ko tsakanin layuka yana nuna tsayin sauti, siffar ɗigon kuma, fari ne ko baƙi, mai jela ne ko marar jela, tana nuna tsawon lokacin da za a riƙe shi. Turawa sun raba tazarar da ke tsakanin sauti da takwaransa na sama gida goma sha biyu daidai wa daida, alhali yawancin waƙoƙinmu a kan matakai biyar suke tafiya. Malamanmu sun san 'yan Arewa na da kaifin kunne, muna iya haddace kiɗa daga bakin na kusa da mu ba tare da mun karanta ba, don haka kowace safiya sabuwar takarda suke ajiye mana wadda ba wanda ya taɓa ji. Daga baya aka mayar da ni kan obo, wanda harshensa ninki biyu ne irin na algaita, sai dai mai algaita yakan cusa harshen gaba ɗaya cikin baki ya jingina leɓe da faifan ƙarfe, shi kuwa mai obo da leɓensa yake danne shi yana sarrafa sautin.

A farkon 1977 aka yi babban hawan daba na FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a Kaduna, sarakunan Arewa suka zo da dawakai da makaɗansu, Baba yana cikin tawagar Katsina, ni kuma ina gefe guda cikin kaki muna namu kiɗan. Da yamma na je masaukinsu na durƙusa na gaishe shi, ina ɗokin in ji ya yaba. Ya ce, "Na ji ku. Kuna da yawa, kuna da tsari, ba wanda ya riga wani. Amma ban ji abin da kuka ce ba." Wannan magana ita ce ta zame mini aiki har tsufana. Shekara guda bayan haka, a 1978, aka sauya taken ƙasa, kuma wanda ya tsara kiɗan sabon taken shi ne Ben Odiase, daraktan badujalar 'yan sandan Najeriya. Ganin cewa ɗan sanda irina ya rubuta abin da ƙasa baki ɗaya za ta miƙe tsaye dominsa ya buɗe mini ido ƙwarai. Saboda rubutuna yana da tsafta, ni aka riƙa ba aikin kwafe rabon kowane mai busa daga babban kundin kiɗa, da alƙalami da tawada, tun da injin kwafi bai wadata ba. Aiki ne mai cin ido da baya wanda kowa ke gudu, amma ta nan na ga yadda ake gina kiɗa daga ciki: abin da ake ba turamfet, abin da ake ɓoye wa ƙaho a tsakiya, da yadda tuba ke ɗauke da nauyin kowa daga ƙasa.

An mayar da ni Legas a 1980. A can na zauna jarrabawar ilimin kiɗa ta hukumar makarantun kiɗa na Ingila, wadda ake hawa mataki-mataki har zuwa na takwas, kuma wani dattijo Bayarabe mai kaɗa molon coci ya karɓe ni ɗalibi duk da ya san ni Musulmi ne. In lokacin salla ya yi, shi da kansa yake nuna mini inda zan shimfiɗa darduma. Shi ya koya mini haɗin muryoyi huɗu, inda ƙa'idar Turawa ta fi son in wata murya ta hau, wata ta sauka, ta kuma hana wasu muryoyi biyu su riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa da tazarar mataki biyar a tsakaninsu. Da na gwada wannan ƙa'ida a kan waƙar Hausa sai na ga inda gizo ke saƙar. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da hawanta ko saukarta, kuma mawaƙinmu ba ya hawa inda kalma ta sauka. Idan ka raba baiti ga muryoyi huɗu, biyu suna hawa biyu suna sauka, to biyu daga cikinsu sun daina Hausa ke nan, ko ma su faɗi abin da ba a nufa ba. Dattijon ya yi dariya ya ce Yarabanci ma haka yake, kuma tun kafin a haife ni masu tsara waƙoƙinsu ke fama da wannan matsala. Mafitar da na samu a gida take: murya ɗaya ta ɗauki magana, sauran su riƙe dogon sauti a ƙarƙashinta, ko kuma su jira su karɓa irin na 'yan amshi.

A wannan tsakanin na yi aure, kuma ba zan ɓoye ba, kakin da na sa ne ya buɗe mini ƙofar da sunan gidanmu ya so ya rufe. Surukina har ya rasu yana gabatar da ni da cewa ɗan sanda ne, bai taɓa ƙarawa da irin aikin da nake yi a cikin 'yan sandan ba.

A tsakiyar shekarun 1980 aka tura ni Ingila, makarantar kiɗan soja da a lokacin take Kneller Hall a gefen Landan, wadda aka kafa tun 1857 domin horar da shugabannin badujala. Ɗalibin jagoranci sai ya taɓa kowane abin busa da na bugu, ya san inda yake da sauƙi da inda yake wahalar da mai shi, domin kada ya rubuta wa mutum abin da yatsunsa ko huhunsa ba za su ɗauka ba. A can na koyi sarrafa sanda. Kiɗa mai bugu huɗu, hannun dama yakan sauka ƙasa, ya yi hagu, ya yi dama, ya koma sama. Mai bugu uku kuwa ƙasa, dama, sama. Hannun hagu shi ke cewa a ƙara ƙarfi, a sassauta, ko wane ya shigo. Abin da ya fi komai wuya shi ne ɗagawar hannu ta farko kafin a fara, domin ita ce numfashin da kowa zai ja tare, kuma a cikinta makaɗa ke karanta saurin kiɗan da ƙarfinsa. In jagora ya yi shakka a wannan ɗagawa, shigar za ta zo a warwatse. Wani malaminmu yakan tsokane mu da labarin Lully, mai tsara kiɗan fadar Faransa, wanda a zamaninsa da doguwar sanda ake dukan ƙasa don ba da lokaci, ya daki ƙafarsa, ciwon ya ruɓe, ya mutu a 1687. Yakan ce mu gode wa Allah da sandar ta koma 'yar siririya.

A Landan ɗin na fara ganin cikakkiyar okestira, a babban zauren Royal Albert Hall, inda kowace bazara ake jerin kiɗe-kiɗe da talaka ke iya shiga da kuɗi kaɗan in ya yarda ya tsaya a tsaye. Makaɗa kusan tamanin ne a zaune: masu goge manya da ƙanana a gaba, wato bayolin da biyola da celo da babban goge da ake kaɗawa a tsaye, bayansu masu busar itace, sai masu busar tagulla, sai masu ganguna a can ƙarshe. Kafin a fara, mai obo ya ba da sauti guda, wanda ake aunawa da girgiza 440 a daƙiƙa, kowa ya daidaita kayansa da shi. A daren suka kaɗa simfoni, wato dogon kiɗan okestira mai kashi-kashi, na tara na Dvorak, mutumin ƙasar Cek, wanda aka fara gabatarwa a Amurka a 1893. Da aka zo kashi na biyu, wani abin busa ɗan'uwan obo mai kaurin murya ya ɗauko wani kari mai tafiya a kan matakai biyar, masu goge suna kwance a ƙarƙashinsa a hankali. Tsigar jikina ta tashi, domin da za a ba 'yan matan unguwarmu wannan karin da sun sa masa baiti a dandali ba tare da sun ji baƙunta ba. Na fito ina tambayar kaina dalilin da zai hana waɗannan kaya tamanin su yi Hausa.

Mutane da yawa suna zaton jagoran makaɗa rawa yake yi da hannu yayin da wasu ke aikin. Gaskiyar ita ce yawancin aikinsa yana ƙarewa kafin 'yan kallo su shigo. Yakan zauna shi kaɗai da kundin da ke ɗauke da layin kowa jere daga sama zuwa ƙasa, masu busar itace a sama, masu goge a ƙasa, ya karanta har ya ji kiɗan a kansa ba tare da an kaɗa ba. Karatun kuma yana da tarko, domin abin da aka rubuta wa kilarinet yana fita ƙasa da rubutun da mataki ɗaya, na ƙaho kuma da mataki biyar, don haka ido na ganin wani abu, kunne na jiran wani. A wurin bita ne ake gane jagora: cikin mutum saba'in ya ji wanda ya kauce, ya san ko laifin yatsa ne, ko na numfashi, ko na mai kwafi, ya gyara a taƙaice ba tare da ya tozarta kowa ba. Matsayinsa irin na mai gayya ne, wanda ba lalle ya fi kowa iya noma ba, amma shi ya san inda za a fara kunya da inda za a tsaya, kuma in ya ɓata wa mutane rai gonar ba za ta ƙare ba. Na ga jagorori masu kyan hannu da makaɗa suka ƙi kallo, na kuma ga tsoho mai rawar hannu da ake bi ko da ƙiftawar ido ya yi.

Na dawo gida na tarar darajar naira ta fara zubewa bayan matakan tattalin arziki na 1986, kuma duk kayan aikinmu daga waje ake sayo su. Harshen obo da na kilarinet, da ake yi da wani kara da ya fi yawa a kudancin Faransa, ya zama sai mai rabo. Mun gwada fere kyauro, bai yi daɗi ba amma ya rufa asiri. Da aka mayar da ni Arewa bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, sai yanayi ya ƙara nasa. Hunturu yakan tsaga kayan itace, shi ya sa muke ajiye jiƙaƙƙen soso a cikin akwatunansu, zafin bazara kuma yakan sa sautin kayan busa ya hau, na kayan tsirkiya ya sauka, sai jagora ya riƙa daidaitawa a tsakiyar aiki. A cikin wannan hali nake jagorantar fareti da tarbar baƙi da rana, da dare kuma in zauna da fitila ina rubutu.

Mutum biyu ne suka ba ni ƙwarin gwiwa ta hanyar aikinsu. Na farko Fela Sowande, ɗan Najeriya, wanda a 1944 ya tsara wa masu goge wani kiɗa mai kashi biyar da ya gina a kan karin waƙoƙin Afirka ta Yamma. Na biyu Bartok, mutumin Hangari, wanda ya bi ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya yana tattara waƙoƙin manoma, har ya kai Biskra ta Aljeriya a 1913. Na sayi rikoda, na ɗauki Baba da Baffa, na ɗauki mata suna lugude a turmi, da waƙoƙin niƙa, da na gaɗa, na zauna ina mayar da su rubutu. A nan na tarar cewa sautukan algaita da yawa suna faɗawa ne a tsakanin maɓallan fiyano, ba su kan wannan ba su kan wancan, kuma wanda ya tilasta musu zama kan maɓalli ya cire musu ɗanɗano. Luguden mata kuwa ya koya mini yadda bugu uku ke tafiya a kan bugu biyu ba tare da sun yi karo ba.

Babban aikin da na rubuta wa okestira kashi huɗu ne, yana bin ranar Sallah a Katsina: fitowar jama'a zuwa idi, hawan Sarki, jafin mahaya, da wasan 'yan mata da yamma. Tun ina shirinsa Baba ya kafa mini sharaɗi. Ya ce tambari da kakaki na Sarki ne, ba a fitar da su don nishaɗin kowa, taken Sarki kuma ba abin wasa ba ne da za a kaɗa wa mutanen da suka sayi tikiti. Na ga gaskiyarsa, na kuma bi. Na ƙirƙiri nawa karin a kan salon fada ba tare da na ɗauki taken kowa ba, na ba turambon, wani dogon abin busa na tagulla, da ƙaho aikin kakaki da sauti biyu rak, na ba gangunan timfani aikin tambari. Timfani na da abin takawa da ke ɗaure fata ko sassauta ta, don haka a kashi na ƙarshe na sa shi ya riƙa lanƙwasa murya yadda mai kalangu ke yi in ya matse tsirkiya a hammata. Algaita kaɗai na ce sai ta gaske.

Legas ce kawai wurin da zan sami masu goge da yawa, domin can ne wannan fanni ya yi saiwa, musamman bayan kafa MUSON, ƙungiyar bunƙasa kiɗa ta Najeriya, a 1983. A tsakiyar shekarun 1990 wata ƙungiyar makaɗa, yawancinsu malaman makaranta da ma'aikata masu kaɗawa don sha'awa, ta yarda ta gwada aikin. Na tafi da ɗan Baffa, wanda nake kira Yaya, ƙwararren mai algaita da bai taɓa ganin rubutun kiɗa ba. Mai obo ya ba da sautin daidaitawa, na ce Yaya ya kama, ya busa nasa ya ce, "Ƙanena, ita haka aka haife ta." Busar farko kuma ta cika zauren har masu goge na gaba suka toshe kunne, domin algaita ta fili ce, an yi ta ne don a ji ta a kan hayaniyar dawaki. Shugabar masu bayolin ta ajiye gogenta ta ce, "Yallaɓai, ɗayanmu ne zai bi ɗaya, kuma ban ga alamar shi zai bi mu ba." Na kwana ina gyara. Na cire kilarinet da sarewa daga duk inda algaita take, tun da ramukansu sun ƙayyade musu sauti, na bar masu goge kaɗai, waɗanda yatsa ke iya matsawa kaɗan sama ko ƙasa a kan tsirkiya, na ce su saurare shi su zauna inda ya zauna. Na mayar da Yaya can bayan zaure, sama da kujerun 'yan kallo, yadda busar za ta zo daga nesa. Saura shigarsa, tun da ba ya ƙirga gaɓoɓi. Ya ce, "Bar sandar nan, ka ɗaga mini gira kawai irin ta su Baba." A wannan kashi na sauke sanda, ina kallon kumatunsa ina ba masu goge alama da hannun hagu, shi ne jagora ni ina biye.

An gabatar da kiɗan, jama'a sun tafa, amma hukuncin da nake jira yana Katsina. Na kawo kaset na kunna wa Baba a zaure, lokacin ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Ya saurara har ƙarshe ido a rufe, sannan ya ce in mayar da wurin da turambon ke kira masu goge na amsawa. Da ya sake ji ya ce, "Nan wurin na ji abin da kuka ce. Sauran kuwa hayaniya ce mai daɗi." Bai kai ga ganina a gaban okestira ba, Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa da rahama, shi da Inna da Baffa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a wannan sana'a shi ne zama tsakanin jama'a biyu da kowace ke ganin rabin aikin. A kudu wasu masu shirya taro sun fi son in kawo algaita da rawani a matsayin ado, a busa minti biyu a koma kiɗan Turai. A gida kuma da yawa ba su san badujala da wani amfani ba bayan fareti da taken ƙasa, kuma an sha gayyatata taro a ce in rage kiɗan saboda babban baƙo yana sauri. Akwai kuma masu yi mini nasiha kan kiɗa ta fuskar addini. Ban taɓa gardama da malami ba, abin da na riƙe shi ne ban kai makaɗana wurin sha ba, kuma ba a bita a hannuna lokacin salla.

Na yi ritaya a 2009 na dawo Katsina. Yanzu ina koyar da matasa a zauren gidanmu, yawancinsu masu haɗa kiɗa da fiyano da kwamfuta a situdiyo, yara masu kaifin kunne da ke iya kwaikwayon duk abin da suka ji amma ba sa iya rubuta nasu balle su ba wani ya kaɗa. Ina fara musu da layi biyar, sannan in tura su wurin tsofaffin masu busa su zauna su saurara. Da aka koma tsohon taken ƙasa a watan Mayun 2024, makarantu suka yi ta zuwa neman a rubuta wa 'yan badujalarsu rabon kowane abin busa daidai da kayan da suke da su, sai na mayar da wannan aikin darasi ga ɗalibaina, kowa na ba shi makaranta ɗaya. Mun tara bayolin shida da biyola ɗaya, ba mu da celo ko ɗaya, don haka wani yaro mai kukuma nake koya wa riƙe layin ƙasa kafin Allah ya hore. Jikata tana shigar da tsofaffin kundayena a kwamfuta saboda gara ta fara cin gefen wasu. Ta gama kashi biyu na kiɗan Sallah, kuma da zarar ta kammala na uku za mu fara bitarsa da ɗan Yaya, wanda ya gaji algaitar ubansa.